Na Je Kwatano Neman Tulu

Tun da na dawo ba a bar ni na taka keken ɗinki cikin natsuwa ba. Duk wanda ya zauna a bencin ƙofar shagona a Gaya, kafin ya gama gaisuwa sai ya ce, "Habu, wai da gaske ne ka tsallaka wata ƙasa saboda ɗan roba?" Na gaji da maimaitawa, kuma na lura labarin yana ƙara ƙiba a bakin mutane, don har an fara cewa jirgin ruwa na shiga. Shi ya sa na ce bari in zauna in faɗa da bakina, wanda zai yi dariya ya yi ta gaba ɗaya a huta.

Sai na fara da Sabo, don in ba shi ba babu tafiyar. Sabo ɗan Gwaggo Delu ne, ƙanwar mahaifina da ke aure a Ajingi, wato taubashina. Tun muna yara kowa yake cewa shi ne ubangidan ɗan'uwansa, har yau kuma ba a raba gardamar ba. A lokacin akwai wani gidan kallo a Gaya da ake saka kaset ɗin kokawar Turawa, wadda muke kira resilin. Idan Sabo ya zo hutu, can muke ƙarewa. Wata rana mahaifina ya dawo daga Kano da wani ɗan kokawa na roba da ya tsinta a cikin kayan gwanjo, ƙato, mai nauyi kamar taɓarya ƙarama, cikinsa tirtsitsi. Muka sa masa suna Tulu. Da yake Sabo baƙo ne, shi aka ba, ni kuwa na yi kuka har na shiɗe.

Daga nan muka kamu da son tara 'yan roba. Shi Sabo irin su Tulu yake nema, na da can, waɗanda roba ce zalla, ba sa lanƙwasa hannu ba sa juya wuya. Ni kuma na fi son na baya-baya, masu gaɓoɓi, da za ka ɗaga musu ƙafa ka murɗa musu kugu. Muka girma, muka yi aure, ya zama manomin albasa na zama tela, amma duk haɗuwarmu sai an tayar da maganar. In ce zamanin masu gaɓoɓi ya fi, ya ce, "Naku na ƙarya ne, faɗuwa ɗaya hannu ya cire. Tulu kuwa ko jaki ya taka shi, jakin ne zai ji ciwo." Abu ɗaya da nake tsokanarsa da shi shi ne duk nasa ba su da fuska. Gwaggo ba ta yarda mutum-mutumi ya kwana a gidanta da ido da hanci. Duk wanda ya shigo sai ta ɗora wuƙa a murhu ta shafe masa fuska, ta ce ba za a hana mala'iku shiga ɗakinta ba saboda wasan yara.

Wata damina ruwa ya ci gidansu, ya tafi da akwatin da 'yan robar ke ciki, har da Tulu. Sabo ya yi kamar bai damu ba. Sai bara, yana cikin gona, hawan jini ya kayar da shi. Ya tashi da ɓarin dama a shanye, magana kuma ta koma gurnani. Masu gashin ƙashi a asibiti suka ba shi ƙwallon roba suka ce ya riƙa matsawa kullum, in ba haka ba yatsun za su ƙanƙame, kuma in suka ƙanƙame shi ke nan. Sabo ya ƙi. In aka saka masa ƙwallon a tafin hannu sai ya sa hagu ya ture shi, ya juya fuska bango. Na je na yi masa tsiya irin ta taubasai, na kira shi bawana, na kai masa wani ɗan roba nawa mai gaɓoɓi, ko kallona bai yi ba. Da na fito sai Gwaggo ta biyo ni zaure ta ce, "Habu, yaron nan ya sallama. Ba hannun ne ya mutu ba, zuciyar ce." Ranar na koma Gaya ina share hawaye a kan babur.

Ni dai abin da ya faɗo mini a rai Tulu ne. Na ce in akwai robar da Sabo zai yarda ya damƙa a duniya, to ita ce. Na shiga motar Wudil na wuce Kano, na zaga Ƙofar Wambai da Sabon Gari, ina kwatanta cikin Tulu da hannuwana kamar mai tallan kabewa. Wani dattijo mai sayar da kayan wasan gwanjo ya ce mini in daina wahalar da kaina, irin waɗannan tun a Kwatano ake tsince su kafin dila ta iso Kano. Ya kwatanta mini gidan wani mai masauki a unguwar Zango ta can Kwatano. Da na gaya wa matata Balaraba cewa zan tafi, sai ta ce, "In da don kanka ne da na kira Liman. Amma tunda don Sabo ne, bari in yi maka dambun nama."

Dambun nan bai ga Lakwaja ba. A babbar motar Legas aka haɗa ni kujera da wani bafataken goro mai fara'a, wanda ya ce shi ba ya cin abincin hanya saboda cikinsa. Na buɗe leda don in yi masa tayi na al'ada, sai ya yi bisimilla da gaske. Amma ban yi asara ba, domin shi ya riƙe hannuna a Legas kamar makaho, ya ratsa da ni cikin hayaniyar da ban taɓa jin irinta ba, ya saka ni a motar Badagiri, ya ja kunnen direba cewa a sauke ni a bakin iyaka. Ko sunansa ban riƙe ba, amma ina sa shi a addu'a.

A iyakar Seme na sha kunya. Takardar tafiyata lafiya lau, sai aka tambaye ni katin rigakafi mai ruwan ɗorawa, wanda ban taɓa jin labarinsa ba. Aka ce sai an yi mini allura. Ni da na yi shekara da shekaru allura na hannuna daga safe zuwa yamma, ina ganin ta ma'aikaciyar jinya sai na runtse ido ina salati da ƙarfi. Wata tsohuwa Bayerabiya mai ɗauke da buhun barkono ta dafa kafaɗata tana rarrashina kamar jikanta. Da aka tambaye ni abin da zan je yi, wani ya fassara cewa na zo neman ɗan kokawa na roba. Jami'in ya cire tabarau ya sake dubana, ya buga hatimi yana girgiza kai.

Abin da ya fara ba ni mamaki a Kwatano babura ne. Mu a Gaya muna ganin muna da 'yan acaɓa, to can kamar an fasa gidan tururuwa, kowanne da rigarsa ruwan ɗorawa. Mata kuma suna tuƙa nasu, ga goyo a baya ga kwando a gaba, ba wanda ya waiga ya kalle su sai ni. Fetur a manyan kwalabe ake jera shi a bakin titi, har na ɗauka man gyaɗa ne.

Mai masaukin, Alhaji Isufu, kakanninsa daga Damagaram suka zo. Hausarsa da daɗi, sai dai yakan jefa Faransanci a tsakiya ya bar ni ina gyaɗa kai ba tare da na gane ba. Ya ba ni tabarma a wani babban zaure tare da fatake daga Maraɗi da Sakkwato. Zafin garin ba irin namu ba ne, jiƙa mutum yake yi, na wanke riga na shanya ta ƙi bushewa. Da safe aka kawo burodi dogo kamar sandar makiyayi, mai tauri a baya, na kusa barin haƙori a ciki. Da rana kuma aka kawo wani farin abu a ganye, na yi murna na ce ga tuwo, na kai loma sai na ji shi da sanyi da tsami. Akasa suke ce masa, da soyayyen kifi da yaji ake ci. Fataken suka yi ta dariyar yadda na yamutsa fuska, amma kafin in bar garin har ƙari nake nema.

Da na gaya wa Alhaji abin da ya kawo ni, bai yi dariya ba. Ya ce, "Malam Habu, baƙi da yawa sun kwana a zauren nan, masu neman mota, masu neman shadda. Kai ne na farko da ya zo neman lafiyar ɗan'uwansa a cikin gwanjo. Gobe ka je Misebo ka tambayi Obinna."

Misebo kasuwar gwanjo ce, in ka shiga sai ka rantse duk tufafin duniya nan ake zubar da su. Na sami Obinna a kan tulin takalma. Na fara haɗa ɗan Turancina, sai ya katse ni da Hausar da ta fi tawa Kananci: "Haba maigida, yi Hausa mana. A Sabon Gari aka yanke mini cibiya." Ashe shi ma mai tara 'yan roba ne, kuma ya fi mu hauka. Ya buɗe wata jaka ya jera mini su a kan kwali. Ga ƙanana masu ɗan ƙarfe a ciki, da in ka danna sai su kai naushi. Ga masu gaɓoɓi irin nawa. Ga na yanzu, da fuskarsu ta yi kama da ta mutum har abin ya ba ni tsoro.

Na ga dama ta samu, na ce ya raba mana gardama, wane zamani ne ya fi? Ya ce, "In kyau kake nema, na yanzu. In wasa kake so, naka. In ƙarko ne, na ɗan'uwanka. Amma zamanin da ya fi daɗin tarawa, maigida, shi ne lokacin da ba wanda ya san darajarsu. Ka fasa dila ka tsinci abu a cikin aljihun wando, mai kaya ya ce ɗauki ka kai wa yara. Yanzu kowa da waya a hannu, kafin abu ya taɓa ƙasa an ɗauki hotonsa an tura wa masu saye a Turai." Ya ce irin su Tulu ya daɗe bai ga ko ɗaya ba. Na zauna a kan wata dila ba tare da an ce in zauna ba.

Obinna ya dube ni, ya rufe jakarsa, ya bar wa maƙwabcinsa jiran shago. Muka yi ta zaga rumfuna, rana ta take, ƙafata ta yi bororo. Har na fara tunanin yadda zan shiga Ajingi hannu rabbana, sai ya ce saura mutum ɗaya, wata Mama Selestin da ke can ƙarshen kasuwa wajen bakin ruwa, wadda ta fi kowa daɗewa a sana'ar kayan wasa.

Tsohuwa ce kakkaura mai furfura. Kafin a yi wata magana ta ɗebo ruwa a kofi, ta kurɓa, sannan ta miƙo mini. Na tsaya sororo, don a wajenmu ba a ba baƙo saura. Obinna ya raɗa mini cewa haka suke karɓar baƙo, tana nuna mini ruwan ba cuta. Na sha. Ta yi wata tambaya, ya fassara: wai na yi ɗan kaɗan? Ashe gaisuwarsu ke nan, kamar yadda muke cewa ina aiki. Na ce a gaya mata ban yi komai ba tukuna. Ta zazzage mana buhunan kayan wasanta, babu. Muna shirin tafiya iska ta taso daga bakin ruwa ta ɗaga ledar da ta rufe kayanta, ta miƙa hannu ta jawo wani abu ta danne gefen ledar da shi. Na kalli abin. Ciki tirtsitsi, hannuwa a buɗe, jan wando. Tulu ne, da idonsa da hancinsa da gemunsa, ashe shekara da shekaru shi ne dutsen danne ledarta.

Ban san lokacin da na durƙusa ba. Obinna ma ya rikice, ya gaya mata gaskiya cewa abin nan yana da daraja, fentin fuskarsa ko ƙwarzane babu, masu saye za su yi rububinsa. Na ji haushinsa a lokacin, daga baya na ga ya kyauta. Ta ce a tambaye ni me zan yi da shi. Na ba da labarin Sabo, na kwatanta yadda yatsunsa suka fara lanƙwashewa. Sai ta kama hannuna na dama ta naɗe yatsun daidai yadda na Sabo suke, ba tare da na nuna mata ba. Mijinta ma haka ya yi, in ji Obinna, kuma shi ba a samu abin da ya yarda ya riƙe ba. Ta goge Tulu da bakin zaninta ta saka mini a hannu. Na sa hannu a aljihu, ta buge hannun. Ta ce in dai ya riƙe, a aiko mata da labari. Na rasa da wane harshe zan gode mata, sai na yi da Hausa, kuma na ga alamar ta ji.

Alhaji Isufu ya ba ni ƙyallen farin yadi na naɗe Tulu. A iyaka wani jami'i ya buɗe jakata, ya warware ƙyallen, ya ga ƙaton mutum-mutumi yana zare masa ido. Ya ja da baya, ya mayar da ƙyallen da bakin biro, ya yi mini nuni in wuce da sauri. Duk tsawon hanya Tulu na kan cinyata, ko sallah zan yi sai na ba wani amana. Fuskar nan da Obinna ya yaba na riƙa tattalinta kamar ƙwai.

Ban tsaya a gida ba sai da na kai Ajingi. Na tarar da Sabo a kan tabarma a inuwar darbejiya, Gwaggo na gefe tana dama koko a bakin murhu. Na ce, "Bawana, tashi ga ubangidanka ya dawo daga ƙasar waje." Na warware ƙyallen na ajiye masa Tulu a kan ƙirji. Ya kalle shi ya daɗe. Sannan ya sa hagu ya ture shi, kamar yadda yake ture ƙwallon asibiti, ya juya fuska.

Wallahi ban taɓa jin abin da na ji a lokacin ba. Allurar iyaka, bororon ƙafa, alherin tsohuwar nan, duk na ga sun tafi a banza. Na koma gefe na zauna na dafe kai.

Ban ga lokacin da Gwaggo ta ɗauke shi ba. Warin roba mai ƙonewa ne ya sa na ɗago. Tana zaune, Tulu a hannun hagu, wuƙa mai zafi a dama, tana shafe masa fuska a hankali kamar mai gyaran ɗanwake. Na yi tsalle na ce, "Gwaggo! Daga Kwatano fa na ɗauko shi!" Ko ɗagowa ba ta yi ba. Ta ce, "Ko daga Makka ka ɗauko shi, ba zai kwana mini a gida da ido ba."

Sai muka ji wani sauti daga tabarma. Na ɗauka shaƙewa ya yi, na nufe shi da gudu. Ashe dariya ce. Sabo ne yake dariya da rabin baki, hawaye na bin kuncinsa, yana kallon yadda na riƙe kai kamar an yi mini mutuwa. Warin nan ne, ina ji, da faɗan Gwaggo, da ihuna, duk abin da ya sani tun muna yara. Gwaggo ta tsoma Tulu a ruwa ya huce, ta zo ta ɗaga hannun daman Sabo, ta buɗe yatsun ɗaya bayan ɗaya, ta kwantar da shi a tafin. Bai ture ba. Muka zuba wa hannun ido. Babban yatsan ya yi rawa, ya matso, ya kwanta a kan cikin Tulu, sauran suka biyo shi kaɗan.

Ya motsa baki, na kai kunnena. Da ƙyar maganar ta fito, amma na ji ta sarai: "Naku... na ƙarya."

Na ce, "Na yarda, Sabo. Zamaninku ya fi."

Ban ce ya warke ba, kada a ƙara wa labarin gishiri. Har yanzu da sanda yake tafiya, magana kuma sai an yi haƙuri da shi. Amma Tulu ba ya barin hannunsa, har gefen cikin ya fara sulɓi, masu gashi kuma sun ce yatsun sun saki. Na kira Obinna na ce ya je ƙarshen kasuwa ya gaya wa Mama Selestin ya riƙe. Bai tambaye ni fuskar ba, ni ma ban faɗa masa ba.

Ranar Juma'ar da ta wuce na je Ajingi na tarar Gwaggo ta ajiye masa koko. Na kai hannu zan ɗauki ludayin in ba shi kamar yadda aka saba, sai ya buge mini hannu. Da daman ya buge ni, kuma na ji zafi.